Makaro, kifin ɗan koyo: yadda ake kama shi daga bakin teku da abin da ke yi masa barazana

Duk wanda ya taɓa sayen kifin ƙanƙara mai zanen baƙi a gadon baya, ko ya buɗe gwangwaninsa mai miyar tumatir, ya san ɗanɗanon makaro. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san inda yake fitowa, balle su san cewa a Faransa da Ingila yaro ɗan shekara 10 yana kama shi da sanda ba tare da ya jiƙa ƙafa ba. Ma'aikatanmu da ke zuwa ƙaro ilimi, da ƴan kasuwar da harka ke kai su garuruwan bakin teku, sukan ga jerin mutane a kan katangar tashar jiragen ruwa suna ta jifa da ja, su yi sha'awar gwadawa. Ga bayanin wannan kamu, da dokokinsa, da hatsarinsa, da kuma halin da kifin kansa ya shiga.

Wane kifi ne makaro?

Faransawa ne suke kiransa makaro, a kasuwannin Najeriya kuwa an fi saninsa da titus. Masana sun raɗa masa suna Scomber scombrus, kuma dangin kifin ton ne. Bayansa shuɗi-shuɗi ne mai haɗe da kore, da zane-zanen baƙi masu lanƙwasa, cikinsa fari fat kamar azurfa. Wanda aka saba kamawa daga gaɓa yakan kai santimetir 25 zuwa 35, nauyinsa bai cika wuce rabin kilo ba. Kada a haɗa shi da shinshar, wanda shi ma ake kawowa cikin katan: shinshar yana da layin ɓawo mai kaifi a gefensa har zuwa wutsiya, makaro kuwa santsi gare shi tun daga kai har ƙarshe.

Abu guda ya bambanta shi da yawancin kifayen da masuntanmu na kogin Kwara ko tafkin Madarunfa suka sani. Karfasa da giwan ruwa suna da wata jakar iska a ciki wadda ke riƙe su a tsakiyar ruwa ko ba su motsa ba. Makaro ba shi da ita, saboda haka idan ya daina iyo sai ya nitse. Rayuwarsa duka tafiya ce, cikin garken da kan kai dubban dubbai, kuma mai tafiya kullum da yunwa yake. Wannan yunwa ce ta mai da shi kifin ɗan koyo: idan garke yana farauta, kowane kifi yana rige-rige da ɗan uwansa, duk abin da ya yi ƙyalli ya gifta sai a kai masa cafka.

Kifin ruwan sanyi ne na arewacin tekun Atlantika, daga Norwai har zuwa Maroko. Wanda ya je Kwatano ko Lome ba zai same shi a bakin gaɓa ba. A tekun Moritaniya da Sanagal wani ɗan uwansa ne ake samu, mai manyan idanu da ɗige-ɗige a gefen ciki.

Lokacin zuwansa

Da hunturu makaro yana can cikin ruwa mai zurfi, nesa da tudu. Idan sanyi ya fara ja da baya sai ya taso ya zuba ƙwai, musamman a yammacin Irlan da kuma tekun Gaskon, tsakanin Faransa da Sipaniya. Daga nan yake biyo ƙananan kifaye zuwa bakin gaɓa. A lardunan Biretan da Normandi da kudancin Ingila ana fara ganinsa daga watan Mayu ko Yuni, ya kai har Satumba, wato kusan daidai da daminarmu.

Ba kowane wuri ne ya dace ba. Ana neman inda ruwa mai zurfi yake kusa da ƙafar mutum: doguwar katangar dutse da ke kare tashar jirage, wadda Faransawa ke kira dig, ko hancin dutse da ya kutsa cikin teku, ko gaɓar tsakuwa mai gangara. Katangun Diyef da Fekan da Sen-Malo sanannu ne wajen wannan kamu. A Ingila kuwa babu wurin da ya yi suna kamar gaɓar Cesil da ke lardin Dosat, wani dogon tudun tsakuwa mai kimanin kilometir 29, inda ruwa ke yin zurfi ƴan taku kaɗan daga baki.

Sai batun cika da janyewar teku, abin da mutumin Sahel bai saba da shi ba. Tafkunanmu sau ɗaya suke cika a shekara, teku kuwa sau biyu a kowace rana. Tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin ke jinkirta da wajen minti 50 kullum. Wata ne ke jan ruwan, kuma mai bin lissafin wata ba zai sha wuyar ganewa ba: cika mafi girma tana zuwa ne wajen tsayuwar sabon wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu. A Faransa ana auna ƙarfinta da lamba daga 20 zuwa 120, kuma ana samun jadawalin sa'o'inta a jaridun lardi da kantunan kayan su. Ɗan koyo ya nemi ranar da cikar ruwa ta faɗo da asuba ko dab da faɗuwar rana, ya isa wurin awa biyu kafin ruwa ya gama cika. Ruwa garau da iska mai sauƙi sun fi. Bayan guguwa, idan ruwa ya gurɓace, makaro yakan ja da baya domin da ido yake farauta.

Alamar isowar garke ba ta ɓuya. Tsuntsayen teku za su taru wuri guda suna faɗawa ruwa, saman ruwan ya riƙa tafasa kamar tukunya, ƙananan kifaye suna tsalle domin tsira. Wani lokaci minti goma kawai abin yake yi, garken ya wuce.

Kayan aiki

Fatsa ce dai irin wadda muka sani, sai dai an ƙara mata tsawo da nisa. Ana buƙatar sanda mai metir 3 zuwa 4, wadda za ta iya jefa nauyin giram 40 zuwa 100, da ɗan injin naɗe zare da ake kira mulune, cike da zaren nailan mai kaurin 30 ko 35 a ma'aunin masu kanti. A ƙarshen zaren ake ɗaura abin da Faransawa suka yi wa laƙabi da mitirayet, sunan bindigar soja mai aman harsashi: zare guda ne mai ɗauke da ƙugiyoyi uku zuwa shida a jere, kowace an yi mata ado da gashin tsuntsu ko ɗan ƙyallen roba mai walƙiya, sannan dalma a can ƙasa. Ba a sa tana, ba a sa komai. Idan jerin ya gifta cikin ruwa, makaro yana ɗaukarsa ayarin ƙananan kifaye masu gudu.

Tsofaffin masu wannan kamu suna ba ɗan koyo shawarar ya tsaya a ƙugiya uku. Shida sun fi saurin harɗewa, sun fi kama yatsa da riga, kuma kifi shida masu fizga a lokaci guda sun fi ƙarfin hannun da bai saba ba. Akwai wasu hanyoyi biyu ga wanda ya fi son daɗin ja a kan yawan kamu. Ta farko ita ce ɗan ƙarfe guda mai ƙyalli, na giram 20 zuwa 40, a kan sanda mara nauyi. Ta biyu ita ce a ɗaura wa zare abin da ke yawo a saman ruwa, irin guntun karan da yaranmu ke sa wa fatsa, a maƙala wa ƙugiya ɗan siririn yanki na farar fatar cikin makaro, a bar ta tana lilo metir 2 zuwa 4 a ƙarƙashi. Da waɗannan hanyoyi kifi ɗaya-ɗaya ake kamawa, kuma a nan ne mutum zai ji ƙarfin wannan ɗan kifi da bai kai kilo ba.

Kada a manta da wuƙa, da almakashi, da tsumma, da akwatin ƙanƙara. Za mu ga dalilin da ya sa akwatin ya fi sandar kanta muhimmanci.

Jifa da ja

Kafin kowace jifa a waiwaya baya. Katangun nan cike suke da masu shan iska da yara, kuma dalma mai giram 80 da ƙugiyoyi a bayanta makami ce. Saboda haka ne ma ake ƙara ƴan metir na zare mai kauri a gaba, don kada ya tsinke da ƙarfin jifa dalmar ta tafi inda ba a aike ta ba.

Babban sirrin kamun shi ne gano zurfin da garke yake, domin yau yana sama, gobe yana kusa da ƙasa. Idan dalma ta faɗa ruwa, mutum ya ƙirga a zuci kafin ya fara naɗewa: jifar farko zuwa biyar, ta biyu zuwa goma, ta uku zuwa goma sha biyar. Inda kifi ya taɓa, nan za a tsaya. Naɗewar kuma ba a yin ta a miƙe. Ana ɗaga kan sanda a hankali, a sauke shi ana naɗe zaren da ya saki, a sake ɗagawa, yadda gashin zai riƙa tashi yana faɗuwa kamar ɗan kifin da ya ji ciwo. Sau da yawa a wajen faɗuwar ne makaro ke kai cafka.

Idan ya kama, babu mai buƙatar a gaya masa: kan sanda zai riƙa karkarwa, zare ya yi gefe da gudu. Ba a fizga, don bakinsa na iya yagewa. A ci gaba da naɗewa a natse, zare a ɗame. Ƴan uwansa sukan biyo shi su kama sauran ƙugiyoyin. Wanda ya yi rabin awa bai ji komai ba ya canza zurfi, ko ya matsa gaba, ko ya dubi abin da maƙwabcinsa yake yi. Matambayi ba ya ɓata, kuma masu fatsar bakin teku ba su cika rowar bayani ga wanda ya yi gaisuwa ba.

Ruwa ba sa'ar kwando ba ne

Wanda ya iya iyo a gulbin Maraɗi kada ya ɗauka ya san teku. A Sen-Malo, ranar babbar cika, ruwa yana hawa sama da metir 12 cikin awa shida, kuma rabin wannan hawa a awa ta uku da ta huɗu yake faruwa. Dutsen da mutum ya taka ya hau da busasshiyar ƙafa yana iya zama tsibiri kafin ya ankara, hanyar komawa ta nitse a bayansa. Ko a tsakiyar lokacin zafi ruwan mashigin Mansh bai cika wuce digiri 18 ba, kuma sanyinsa yana ɗauke numfashin wanda ya faɗa ba shiri. Duwatsun da gansakuka ta rufe sun fi sabulu santsi.

Saboda haka ɗan koyo ya fara daga katanga mai shinge, ya bar duwatsu sai ya ƙware. Kada ya juya wa teku baya, kada ya tafi shi kaɗai, ya gaya wa wani inda za shi da lokacin dawowarsa. A Faransa lambar neman agaji a teku ita ce 196, a duk ƙasashen Tarayyar Turai kuma akwai 112. A kuma karanta allunan da ke bakin tasha, domin akwai sassan tashoshin jirage da aka hana fatsa a cikinsu.

Abin da doka ta ce

A Faransa katin kamun kifi da ake biya na koguna da tafkuna ne, bai shafi teku ba. A Ingila ma ba a neman lasisin sanda ga mai kamun makaro a teku. Amma akwai sharuɗɗa. A Faransa ba a ɗaukar makaron da bai kai santimetir 20 ba a Atlantika da Mansh, ko santimetir 30 a Tekun Arewa, ko 18 a Bahar Rum. Wata doka ta shekarar 2011 ta wajabta wa mai kamun nishaɗi ya yanke ƙasan wutsiyar wasu kifaye, har da makaro, domin a gane su idan aka kai su kasuwa. Dalili kuwa shi ne an hana shi sayar da abin da ya kama. Na cin gidansa ne kawai. Ɗan kasuwar da ya ga bokiti ya cika har lissafin riba ya fara zo masa, to ya san akwai tara. Sauran ƙa'idoji, kamar yawan abin da mutum zai ɗauka a rana da rajistar kamu, ana sabunta su lokaci zuwa lokaci, don haka a tambaya a ofishin tasha ko kantin kayan su kafin a jefa ƙugiya.

Akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, ita ce ta sanin ya isa. Idan garke ya zo, mutum yana iya tara kifi hamsin cikin rabin awa, kuma a nan ne kwaɗayi ke zama mabuɗin wahala. Kowace shekara mazauna garuruwan bakin teku suna kuka da tarin makaron da aka bari yana ruɓewa a kan katanga. Mayar da shi ruwa ma ba ya warware matsalar, domin fatarsa ba ta jure hannun mutum: wanda aka damƙa aka sake, sau da yawa mutuwa yake yi bayan ƴan kwanaki. Idan ƙarami ne, a kama ƙugiyar a girgiza shi ya faɗa ruwa ba tare da an taɓa shi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya ƙirga bakunan gidansa tun kafin jifar farko, idan adadin ya cika ya naɗe zarensa.

Daga ƙugiya zuwa tukunya

Makaro kifi ne mai kitse, irin kitsen nan omega 3 da likitoci ke yabawa saboda lafiyar zuciya. Amma yana daga cikin kifayen da suka fi saurin lalacewa. An daɗe da sanin haka: a shekarar 1698 dokar Ingila ta yarda a sayar da makaro ran Lahadi, ranar da aka hana yawancin ciniki, domin ba ya jiran Litinin. Da an fito da shi, a buga masa kai ya mutu nan take, a yanka wajen kunnuwansa jini ya fita, a cire kayan ciki, a binne shi cikin ƙanƙara. Cire kayan ciki da wuri yana kuma rage wata tsutsa da ake kira anisakis, wadda dahuwa sosai ke kashewa.

Wannan sashe ya shafi mai sayar da kifin ƙanƙara a Maraɗi ko Damagaram kamar yadda ya shafi mai fatsa a Diyef. Idan makaro ya ɗauki zafi, ƙwayoyin cuta suna juya wani sinadarin namansa ya zama guba da ake kira histamin. Da zarar ta taru, suya ba ta kashe ta, banda ba ta kashe ta, mayar da kifin cikin firigo ma ba ya kawar da ita, kuma kifin yana iya kasancewa ba ya wari. Wanda ya ci, cikin ƴan mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu fuskarsa za ta yi zafi, jiki ya yi ƙaiƙayi da ƙuraje, ga ciwon kai da bugun zuciya, wani lokaci da amai da gudawa. Yawanci yana wucewa cikin yini, amma mai ciwon asma ko na zuciya a gaggauta kai shi likita. A ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, katan ɗin da ya narke a hanya ko lokacin ɗaukewar wuta, aka sake daskarar da shi, abin tsoro ne. Alamarsa ita ce ƙanƙara mai launin jini da ta taru a gindin katan, da kifayen da suka lanƙwashe suka manne da juna.

Rikicin manya

Abin da masu sanda ke kamawa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na manyan jiragen Norwai, Birtaniya, Irlan, Holan da Rasha, waɗanda ke zagaye garke guda da taru su kwashe ɗaruruwan ton. Daga cikin kamunsu ne ake loda katan-katan zuwa Afirka ta Yamma, kuma Najeriya tana cikin manyan masu saye.

Wajen shekarar 2007 makaro ya fara kwarara arewa da yawa, zuwa ruwan Isilan. A 2010 Isilan ta yanka wa kanta ton 130,000, tsibiran Faro kuma ton 85,000, ba tare da yardar Tarayyar Turai da Norwai ba. Jaridu suka kira abin yaƙin makaro. Tun daga lokacin ba a sami yarjejeniya guda da ta haɗa dukan ƙasashen a kan rabo ba. Kowace tana yanka nata kason, idan aka tara sai ya wuce shawarar masana da kimanin kashi 40 cikin ɗari a matsakaicin lissafi. A watan Maris na 2019 ƙungiyar MSC ta dakatar da tambarin kamu mai ɗorewa da ta ba wannan kifi. A ƙarshen Satumba na 2025 kuma majalisar binciken teku ta ƙasa da ƙasa, wato CIEM, mai mazauni a Kopenhag, ta ba da shawarar kada kamun 2026 ya wuce kimanin ton 174,000, ragin kusan kashi 70 cikin ɗari a kan shawararta ta shekarar da ta gabata, domin iyayen kifin masu zuba ƙwai sun ragu har sun faɗa ƙasa da iyakar hatsari.

Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a fassara masa wannan lissafi: idan kamu ya ragu a can, kuɗin katan zai hau a nan, kuma uwar gida mai cefane ce za ta fara ji. Al'adar su ta ƙasar Hausa ta san maganin abin tun da daɗewa, inda sarkin ruwa ke rufe tafki ya hana shiga sai ranar da aka buɗe, kowa ya jira domin kowa ya samu. Ƙasashe masu jiragen bincike da na'urori sun kasa yin abin da ya yi kama da haka a tsakaninsu sama da shekara goma sha biyar.

Mai karatu, idan tafiya ta kai ka bakin tekun Faransa ko Ingila tsakanin Yuni da Satumba, ka nemi aron sanda ka gwada, domin kamu ne mai sauƙi da daɗi, kuma makaron da aka gasa awa biyu bayan fitowarsa daga ruwa ya sha bamban da na katan. Ka duba jadawalin ruwa, ka waiwaya kafin jifa, ka tafi da ƙanƙara, ka ɗauki abin da gidanka zai ci a ranar, sauran ka bar su su wuce.